Ku Bar wa Zauren Nan Harararsa

Mai girma shugaban wannan taro, kuma shugaban ƙauyenmu na Hinokidani, Dattijo Horiguchi; mai girma Injiniya Nagumo, wakiliyar hukumar lardi, wadda ta yi ta hawo dutsen nan da ƙafarta a kan aikin da wani zai gama ta waya; Malam Jikai, mai kula da haikalinmu da makwancin iyayenmu; 'yan kwamitin gyaran zaure; iyaye mata da suka yi sammako suka ɗora shinkafar da za mu ci in an tashi; 'ya'yanmu da jikokinmu da suka baro birane suka zo mana; da sauran jama'ar kwarin nan, waɗanda a da zauren nan ba ya ɗaukarsu, yau kuwa ga shi kowa ya sami wurin miƙe ƙafa. Ina gaishe ku gaisuwar girma, ina yi muku barka da kammala girbi.

Saboda jikokin da ba su san ni ba, ni ne Kuwabara Tomekichi, kafinta. Ina godiya ga shugaba da ya ba ni wannan fili, ina godiya ga kwamiti, ina godiya ga hukuma da ta tuna cewa a ƙarshen wannan hanya har yanzu akwai mutane. Ga zanen gyaran can a jikin bango, kowa ya gani. Za a sake rufi, za a sake daɓe, za a cire tagogin gaba guda biyu da suka ruɓe a sa sababbi, duka a kan awo ɗaya, wato awona. Sa'an nan a kafa allo a bakin ƙofa da sunana a jiki. An ce in na gama magana za a ɗaga hannu a amince. An kuma ce in taƙaita, in yi godiya in zauna. Godiya dai na yi ta, kuma daga zuciya ta fito. Zama ne ba zan yi ba tukuna, don ina da magana uku, kuma ta ukun roƙo ce. Ku yi haƙuri da tsoho.

Magana ta farko ita ce yadda aka yi zauren nan ya sami hararar da yake yi. Duk wanda ya tsaya a bakin hanya ya dube shi zai ga taga a dama da ƙofa, taga a hagu, faɗinsu ɗaya, amma ta hagu ta fi ta dama tsayi da kamar taƙi guda. Shi ya sa tun kafin a haifi yawancinku ake ce masa Harara-garke. Ta dama tawa ce. Ta hagu ta Ushio Sadanobu ce, wanda kowa ke kira Sado, mijin Tsuya da ke zaune can kusa da murhu ta juya mini ƙeya.

Ni da Sado a gaban maigida ɗaya muka koyi aiki, guduma ɗaya ta daki kawunanmu. Da muka kammala, ni na zauna a kwari, shi ya tafi Tokyo lokacin da ake gine-gine kamar za a kai sama. Ya dawo da hula a karkace, da littattafai a akwati, da wata kalma a baki wadda bai taɓa ajiyewa ba har ya koma ga kakanni. Kalmar ita ce awon zinariya. Da ƙauye ya tashi gina wannan zaure sai dattawan lokacin suka rasa wanda za su ba, don in an ba ɗaya an ɓata wa dangin ɗaya. Suka ce mu yi tare. Muka yi tare, kuma ina gaya muku, ginshiƙan da kuke jingine da su yau ba za ku iya nuna inda hannuna ya tsaya nasa ya fara ba.

Da aka zo kan tagogi muka raba, kowa ya sassaƙa ɗaya a rumfarsa. Muka tsaya a nan, daidai inda teburin shugaba yake, muka ce faɗi ƙafa uku. Tsayi fa? Sado ya ce, "A kan kyakkyawan awo." Na ce, "Da ma fa, akwai wani ne?" Muka rusuna wa juna, kowa ya kama gabansa. Ku da kuka tashi a nan kun sani, kafinta ba ya tambayar ɗan'uwansa kafinta lamba a kan abin da ya kamata ya sani. Tambayar ma zagi ce. Ladabi ne ya ja mana, ba rashin ladabi ba.

To, a wurina kyakkyawan awo ɗaya ne tak, kuma ga shi a hannuna. Wannan ƙarfen awo mai lanƙwasa, da muke kira sashigane, fuska biyu gare shi. A gabansa akwai awon da kowa ya sani. A bayansa akwai wani, mai zane masu ɗan tazara. In aka kawo maka gungume, ka aza bayan ƙarfen a kan bakinsa, lambar da ka karanta ita ce kaurin ginshiƙi mai kusurwa huɗu da za ka fitar daga cikinsa, ba alƙalami, ba zufa. Dalilin kuwa ba wani asiri ba ne. Zana murabba'i, ka ce gefensa ɗaya ne, to daga wannan kusurwa zuwa wadda ke fuskantarta, ɗaya ne da ɗigo huɗu da ɗan ƙari. Wannan shi masu boko suke kira awon azurfa, mu kuwa ba mu sa masa suna ba, kamar yadda mutum ba ya sa wa hannunsa suna. Shi Sado, nasa kyakkyawan awon ɗaya ne da ɗigo shida da ɗan ƙari. Tawa ta fito ƙafa huɗu da kwata, tasa ta kusa biyar.

Ranar da aka kawo su kowa da tasa a kafaɗa, gari ya taru, mata sun daka wainar shinkafar da za a watsa wa yara. Muka jingine su a bango, muka tsaya muna kallo. Sado ya dube ni ya ce, "Tome, katako ne ya ƙare maka?" Na ce, "Kai kuma tagar raƙumin dawa aka sa ka yi?" Dattawa suka ce ɗaya ya sake tasa. Wa zai sake? Ni na ce sai dai a rushe zauren, shi ya ce sai dai a ƙone shi. Sanyi ya matso, dusar ƙanƙara ba ta jiran masu gardama, aka ce a sa su haka kafin bazara. Bazarar ce ba ta zo ba har yau, shekara hamsin da wani abu.

Magana ta biyu ita ce abin da muka yi da waɗannan shekaru. Wasunku sun ɗauka gaba muka yi. Ba gaba muka yi ba, gardama muka yi, kuma tsakanin biyun akwai tazarar da ta fi taƙi. Kowace la'asar in an ajiye kayan aiki, sai mu zo barandar nan, ni a ƙarƙashin tagata, shi a ƙarƙashin tasa, butar shayi a tsakiya, busasshiyar kanya a faranti, mu ɗora daga inda muka tsaya jiya. Sunan da ya sa mini shi ne Na-biyu, wai a gasar duniya wanda ya zo na biyu ake rataya wa azurfa. Ni kuwa ina ce masa Ɗan-littafi. Yakan ce awonsa yana cikin haikalan Girkawa, yana cikin katantanwa, yana cikin furen rana, yana cikin fuskar duk wata kyakkyawa. Ni in ce nawa yana cikin tsofaffin haikalan Nara, waɗanda girgizar ƙasa ta gaji da su ta bari. Ba abin da mutumin nan bai auna ba. Ya auna kifin rafi, ya auna awarar waken suya a shagon Inna Kinu har ta kore shi da tsintsiya, ya auna fuskar mahaifin Malam Jikai yana tsakiyar gyangyaɗi. In ya dace da awonsa ya zo da gudu, in bai dace ba ya ce kifin ne ya rame.

Kada ku ce ni kaɗai nake faɗin haka don ba ya nan. Kwanan baya na kwashe wannan labari na gaya wa Injiniya, ina jiran ta ba ni gaskiya. Ta saurara har na gama, ta ce, cikin ladabin da aka san ta da shi, wai a furen rana Sado bai yi ƙarya ba, a bayan ƙarfena ni ma ban yi ƙarya ba, amma a kan haikalai da fuskokin mutane, duk mu biyun mun ƙara gishiri, don mai neman awo a jikin babban gini zai same shi in dai shi ke zaɓen inda zai aza ƙarfen. Na ji haushi, ba don ta kayar da ni ba, sai don ta kayar da Sado ba ya kusa balle in yi masa dariya.

Akwai wata gardama da muka fi maimaitawa, da takarda da almakashi. Ni in ɗauko takarda mai awon azurfa, irin wadda kuke rubutu a kai kullum, in ninka ta biyu. Kowane rabi kamarsa ɗaya da uwarsa. In sake ninkawa, haka. In ce, "Ka gani? Ba asara, ba ɓarna, kowa ya sami rabonsa daidai. Wannan awon mutanen da itace ke yi wa tsada ne." Shi kuma ya ɗauko tasa mai awon zinariya, ya yanke murabba'i daga gefe ɗaya ya ajiye. Abin da ya rage, kamarsa ɗaya da na farko, sai dai ƙarami. Ya sake yanke murabba'i, saura ya sake fitowa da kamarsa. In ce masa wannan awon 'yan ɓarna ne, kullum sai an cire babban rabo an jefar. Sai ya ce, "Kai abin da aka cire kake kallo, Na-biyu. Dubi wanda ya saura, ko ya canza kama?" Ni kuwa in ce wanda ya saura ya kusa zama ƙura, mu tashi kowa na ƙunƙuni, gobe mu dawo.

An ce tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, amma ba a taɓa jin harshe ya yi murna da faɗuwar haƙori ba. Da ciwo ya kama Sado aka kai shi asibitin da ke gangare, na shiga bas na je duba shi. Na same shi ya rame, idonsa na kan tagar ɗakin. Ko gaisawa ba mu gama ba ya ce, "Tome, wannan taku ce ko tamu?" Na tashi na auna da taƙi, na ce ba ta kowa ba ce, ta kamfani ce. Ya ce, "Mummuna." Na ce, "Mummuna ƙwarai." Tun muna samari ba mu taɓa yarda da juna a kan taga ba sai ranar, kuma a cikin bas ɗin dawowa na san ba zai tashi ba. Kafin furannin bazara su zube aka kawo tokarsa haikali.

Jama'a, sabo ake yi wa kuka. An kuma ce sabo turken wawa, to ni ne wawan, ga ni ɗaure har yau. Matata ta riga shi tafiya, na yi kukanta, amma aƙalla a lokacin ina da wanda zan zo in yi wa faɗa da la'asar. Tun da Sado ya tafi, babu wanda ya sake ce mini ƙarya nake yi. Kun mai da ni kayan tarihi. In na shiga shago a rusuna, in na fito a rusuna, duk abin da na faɗa a ce, "Haka ne, Baba." Wata rana na gwada mai kawo wasiƙu, mutumin kirki, ga shi can yana sunkuyar da kai. Sama tas, ko gajimare babu, na ce masa yau za a sha ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ya ɗaga kai ya duba, ya dube ni, ya ce, "Ai Baba ku kuka san sama." Na shiga gida na zauna a gaban murhu, ban iya cin abincin rana ba. Ban taɓa sanin cewa girmamawa tana iya zama ɗaki marar ƙofa ba sai da kuka sa ni a ciki. Ban ce kun yi da mugunta ba, na san ƙauna ce. Amma kaɗaici ne, kuma ina faɗarsa da sunansa a gabanku, don na wuce shekarun jin kunya.

Har yanzu nakan zo barandar nan da la'asar. Nakan zauna a ƙarƙashin tagata, in dubi gangare. Da farko makarantar yara aka rufe, muka ce ai saura ƙauye. Aka ɗauke ɗakin shan magani, muka ce saura ƙauye. Shagon Inna Kinu ya rufe, bas ya koma zuwa jefi-jefi, gonakin bayan rafi suka zama na birai da aladun daji. Kowace shekara a yanke babban rabo a ajiye gefe. Amma wanda ya hango mu daga kan gada zai ga hayaƙi na tashi, zai ga kanya a rataye a baranda, zai ga ana share gaban haikali, zai ce ga ƙauye nan yadda ya san shi. Kamarmu ba ta canza ba, ƙanƙancewa kawai muke yi. Ina zaune wata rana sai na ga ashe takardar Sado ce nake kallo, kuma ni ina cikin ɗan guntun da ya saura. Na juya wajen tagarsa in ce masa wannan ba hujja ba ce, sa'a ce kawai. Babu kowa a wurin sai tabarmar da rana ta ƙoɗar.

Kada wani ya fita daga nan ya ce Tomekichi ya sallama. Ban sallama ba. Tagar Sado ta yi tsayi, jiya ta yi tsayi, yau ma ta yi tsayi, kuma in na same shi a inda yake abin da zan fara gaya masa ke nan.

Wannan ya kawo ni ga magana ta uku. Da kwamiti ya tsara gyaran nan, sun yi abin da ya kamata, sun je wurin Tsuya neman izini. Ta ce musu, "Ku tambayi Tomekichi, shi ya fi kowa sanin tagar, ya shekara hamsin yana kallonta." Su kuwa suka ce ai ba sai an tambaya ba, wa bai san ra'ayin Baba a kan tagar nan ba? Duk wanda ya taɓa shan giyar shinkafa da ni a bikin kaka ya ji na ce ranar da aka cire ta zan yi rawa a tsakiyar hanya. Suka tsara abin a ɓoye don su faranta mini. Ranar da shugaba ya zo gidana da zanen, fuskarsa cike da murna, ya shimfiɗa shi a kan tabarma, na ga tagogi biyu daidai wa daida kamar tagwaye. Zanen ya yi kyau, Injiniya, hannunki ya iya. Sai dai ban gane zauren ba, na ɗauka na wani gari aka kawo mini.

Na saka takalmi na tafi gidan Tsuya. Na same ta tana feraye kanya. Ko kallona ba ta yi ba ta ce, "To, ka ci gasar. Sai a rataya maka zinariyar." Na ce, "Na ci wa?" Ta ce, "Oho. Ni dai na gaji da ku, da mai rai da matacce." Ta ci gaba da aikinta, amma na ga wuƙar ta tsaya a hannunta. Na tsaya kaɗan a bakin ƙofa, na juyo gida.

Ga abin da ban gaya wa kowa ba sai yau. Ɗana da ke Nagoya zai zo ya ɗauke ni kafin dusar ƙanƙara ta toshe hanya. Ya daɗe yana roƙo, na daɗe ina ƙi, bana ƙafafuna suka goyi bayansa. An gyara mini ɗaki a hawa na bakwai, na ga hotonsa, tagarsa irin ta asibitin nan ce. Ba zan sake ganin sanyin kwarin nan ba. In na tafi, kuma aka daidaita tagogin nan, babu abin da zai rage a Hinokidani da zai nuna cewa an taɓa yin mutum biyu a nan da suka damu da abu ɗaya har suka kasa yarda da juna a kansa. Allon da za ku kafa zai ce Tomekichi ya gina zaure. Ƙarya ce. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma awo ma, ku tambayi Injiniya, ba ya yiwuwa da tsayi ɗaya, sai an sami wani an gwada shi da shi. Tagata ba a san gajeriya ba ce sai don tasa, tasa ba a san doguwa ba ce sai don tawa. Ku cire ɗaya, ɗayar ta zama rami a bango kawai. Kada garin neman gira mu rasa ido.

Saboda haka ina roƙonku, ina roƙon shugaba, ina roƙon kwamiti, ina roƙon hukuma. Ku sake rufi, ku sake daɓe, ku sa duk abin da zai hana tsofaffi jin sanyi, amma ku bar wa tagar hagu awonta. Na san abin da wannan zai jawo. Injiniya ta riga ta bayyana wa kwamiti cewa gilashi mai ninki biyu, wanda ke tare sanyi, in awonsa ya bambanta sai an yi odarsa daban, aiki zai ja, kuma ku ne za ku zauna a cikin zauren a watan sanyi, ba ni ba. Gaskiya ta faɗa, ban zo in musa ba. Abin da zan iya ragewa shi ne aikin katako. Ina da itacen hinoki a rumfata da na daɗe ina ɓoyo, ya bushe ya yi ƙamshi. Ni zan sassaƙa tagar Sado da hannuna, a kan awonsa, ɗaya da ɗigo shida, wanda babu shi a gaban ƙarfena, babu shi a bayansa. Na san yadda ake fitar da shi da zare da ƙusa, don ya zana mini shi a ƙasar barandar nan har na haddace ba da son raina ba. Shi ne aikina na ƙarshe a kwarin nan, kuma zan yi shi ina zaginsa daga farko har ƙarshe. Tawa ta dama kuwa, ku ba kamfani, ban damu ba.

Allon suna kuma ku bar shi. Zauren nan yana da suna tun da daɗewa, yara ne suka raɗa masa, kuma ya fi nawa dacewa da shi.

Abu ɗaya ya rage, kuma ya fi sauran nauyi a wurina. In za a ɗaga hannu, kada wanda ya ɗaga don Baba ya tsufa, kada wanda ya ɗaga don Baba zai tafi, kada wanda ya ɗaga don ya ga idon Baba ya kawo ruwa, hayaƙin murhu ne. In kun ga maganata shirme ce, wani ya miƙe ya faɗa mini a fuskata, da hujja, da ɗaga murya in ya ga dama. Na fi son in sha kaye a gardama da in ci nasara a cikin shiru. Ina jira. Shugaba, kai da ka kawo zanen? Kai mai wasiƙu, ga damarka ta rama. Babu? Duk zauren nan babu ko mutum ɗaya?

Me kika ce, Tsuya? Ɗaga murya, kin san kunnen hagun nan ya mutu.

Jama'ar baya, ga abin da ta ce. Ta ce ba zan iya ba. Ta ce hannuna rawa yake yi, ko kofin shayi ba na kaiwa baki sai rabi ya zube, kuma ko ina da ƙuruciyata ban taɓa kamo ƙafar mijinta a aikin taga ba, in na taɓa awonsa ɓata shi zan yi. Ta ce gobe da safe za ta zo rumfata da ƙarfen awon Sado, ta zauna a kaina, duk inda na kauce ta faɗa.

Ƙarya kike yi, matar ɗan'uwana, kuma zan nuna miki. Amma ki zo. Ki zo da wuri, zan ɗora shayi. Ku ba ni ɗan lokaci, jama'a, hayaƙin nan ya yi yawa.

To, shugaba, na ci lokacinka da na mutum uku, ga filinka na mayar maka. Ina roƙon Mai tsaron kwarin nan, wanda iyayenmu suka roƙa a kan dutsen can, ya sassauta muku sanyin bana, ya sa dusar ƙanƙara ta sauka a hankali a kan rufin masu rauni. Ya tsare hanyar waɗanda za su gangara birni yau, ya sa su tuna hanyar dawowa. Ya ba Injiniya da ma'aikatanta hannu mai sa'a, kada guduma ta sami yatsan kowa. Ya sanyaya makwancin waɗanda suka riga mu, masu gaskiya a cikinsu da masu taurin kai. Waɗanda za su saura a nan kuwa, komai ƙanƙantarku, kada ya bar ɗayanku ya wuni bai sami wanda zai musa masa ba.

Ni kuma ku yafe mini tsawon harshe, na yau da na shekarun baya. Na gode.